Sallama Kafin Shiga ko Godiya Bayan Fita: Zanen Wani a Wasan Rubutu

Shekarun baya na shiga wani wasa na intanet wanda ba a ganin komai a cikinsa sai rubutu. Mun kai mu talatin, daga ƙasashe daban-daban, muna gina labari guda a kan wani birni na bakin hamada wanda babu shi a taswirar kowa. Kowane ɗan wasa da tauraronsa. Tawa wata dattijuwa ce mai sayar da turaren wuta, mai ɗingishi, mai kaifin baki, wadda asirin rabin garin yake cikin tafin hannunta. In na rubuta cewa ta ɗaga labule ta leƙo, kafin gari ya waye wani a Birazil ya rubuta abin da yarimansa ya ce mata, wata kuma a Indonesiya ta lallaɓo da ɓarawonta ta bayan rumfa.

Kowane tauraro yana da takardar bayani: suna, shekaru, hali, da hoto ga mai so. Da na ga kowa ya sa hoto, ni ma na bazama nema. Can na ci karo da wani zane na tsohuwa da mayafi ruwan ƙasa, ido ɗaya a lumshe, hayaƙi yana tashi daga kaskon da ta riƙe. Kai ka ce mai zanen cikin kaina ta leƙa. Na bi diddigi har na gano sunanta, na rubuta shi a ƙarƙashin hoton, na kwanta ina jin na yi abin kirki, tunda yawancin abokan wasana iyakar abin da suke rubutawa shi ne "ba nawa ba ne".

Bayan wata biyu sai ga saƙo ya shigo wa mai kula da wasan. Ba daga mai zanen ya fito ba. Wani mutum ne da ya biya ta kuɗi ta zana masa wannan tsohuwar, kuma kamannin kakarsa da ta rasu ya kwatanta mata, don ya sa a nasa labarin. Bai yi zagi ba, bai yi barazana ba. Cewa ya yi ya ga an ambaci sunan mai zanen, ya gode, amma wa aka tambaya?

Tun daga ranar nake auna abubuwa biyu da na daɗe ina ɗauka ɗaya ne: ambaton sunan mai zane, da neman izininsa.

Irin wannan wasa ya girmi da yawa daga masu yin sa a yau. A 1976 Will Crowther ya rubuta wani wasan yawo cikin kogo, inda kwamfuta ke kwatanta maka wuri da kalmomi, kai kuma ka rubuta mata abin da za ka yi. A 1978 Roy Trubshaw, ɗalibi a Jami'ar Essex da ke Ingila, ya fara gina wasan da mutane da yawa za su shiga lokaci guda, Richard Bartle ya ci gaba da aikin, aka sa wa wasan suna MUD. Daga wannan tushe rassa suka yi ta fitowa, har zuwa LambdaMOO da Pavel Curtis ya kafa a 1990, da kuma dubban ƙananan wasannin da ake yi yau a Discord da makamantansa. A farkon lamarin babu hoto ko ɗaya, domin na'urorin lokacin ba su da ƙarfin ɗaukarsa. Hoto ya shigo ne daga baya, bayan da masu zane suka sami rumfunan baje kolinsu, irin su DeviantArt a 2000, da Pixiv na Japan a 2007, da ArtStation a 2014. Kwatsam sai ga miliyoyin fuskoki a gaban ɗan wasa, kuma ɗaukar kowacce bai wuce danna yatsa ba. 'Yan wasa har suna da kalmarsu ta wannan ɗabi'a, wadda in an juya ta zuwa Hausa za a ce aron fuska.

Ambaton suna shi ne abin da ya fi saurin zuwa wa mai aron fuska, kuma ba abin rainawa ba ne. Da farko dai gaskiya ce aka faɗa: wannan aikin ba ni na yi ba, wane ne ya yi. Mai zane yana rayuwa ne da sunansa kamar yadda maɗinki ke rayuwa da bakin waɗanda suka sa ɗinkinsa. In ka ga babbar riga a jikin wani ta burge ka, ka tambayi wa ya yi aikin, aka faɗa maka, gobe maɗinkin ya sami sabon mai kawo aiki. Haka zane yake. Hoton da ya yi yawo babu suna ya zama maraya. Daga wannan waya zuwa waccan, daga Pinterest zuwa wani wasan, a hanya wani ya yanke gefen da aka sa hannu don hoton ya dace da da'irar fuska, shi ke nan an raba ɗa da uwarsa. Wanda ya tsaya ya nemo suna ya katse wannan ɓarnar. Kuma neman ba wuya gare shi yanzu ba, domin tun 2008 akwai TinEye, a 2011 kuma Google ya fito da hanyar bincike da hoto, ka ɗora zane a nuna maka wuraren da ya bayyana.

Wata fa'idar ambaton suna ita ce kowa yana iya gani. Mai kula da wasa zai duba takardu ɗari cikin sa'a guda ya san wa ya sa suna, wa bai sa ba. Shi ya sa dokar "a sa sunan mai zane" ta fi kowace doka yawa a irin waɗannan wasanni: tana da sauƙin kafawa, tana da sauƙin bi, ba ta kuma hana kowa abin da yake so.

To, a wannan na ƙarshen ne rauninta yake. Dokar da ba ta hana ka komai ba, duba da kyau, mai yiwuwa ba ta kare kowa ba. Ambaton suna yana amsa tambayar wa ya yi aikin, amma bai taɓa tambayar ko ya yarda ba. Mutum ne ya shiga gonarka ba ka nan, ya karya rake, ya fito bakin hanya yana sha yana gaya wa masu wucewa cewa raken gonar wane ne, akwai zaƙi. Ya yi maka talla, babu shakka. Ya kuma sha raken.

Wani lokaci ma sunan kan zama ƙarin rauni. A wasan rubutu tauraro ba ya zaune wuri ɗaya kamar hoto a bango; yana magana, yana aikatawa. Yau mutumin kirki ne, bayan wata shida labari ya juya ya zama mai kisan kai, ko ya shiga wani yanayi na batsa da mai zanen ba zai so a haɗa da shi ba ko a mafarki. Duk wannan yana faruwa da fuskar da ya zana, ga kuma sunansa ɓaro-ɓaro a ƙasa kamar da saninsa aka yi. Sannan ga irin abin da ya same ni: zanuka da yawa da ake tsinta ba na kasuwa ba ne, wani ne ya ba da aikin, ya biya, ya kwatanta tabon da ke goshi da launin mayafi. A wurin mai shi wannan fuskar mutum ce da ya raina shekara da shekaru a cikin labarinsa. Ganin ta da wani suna a wani gari kamar ka ga rigar mahaifinka ce a jikin baƙo.

Neman izini kuwa hanya ce mai tsawo, kuma ba zan ɓoye wahalarta ba. Sai ka gano mai zanen, ka sami inda ake tuntuɓarsa, ka rubuta masa, watakila da harshen da ba ka iya ba, sannan ka zauna jira. Wani ya bar intanet tun shekara goma, shafinsa ya zama kufai. Wani kuma ya shahara har saƙonni sun fi ƙarfinsa. Sau da yawa amsar da za ka samu ita ce shiru, kuma shiru ma amsa ce in ji masu iya magana, sai dai ba "na yarda" ba ce. Ga wasa yana tafiya, abokai suna jiran tauraronka ya shigo. Kuma izini ba ya ganuwa: mai kula da wasa ba shi da hanyar tabbatarwa sai dai ya yarda da maganarka ko ya nemi ka nuna saƙon. Uwa uba, wanda ya tambaya ya buɗe ƙofar a ce masa a'a, wanda bai tambaya ba kuwa yana can yana ado da hoton. A fili dai kamar mai ladabi shi ne ya yi asara.

Amma wannan a'ar ita ce ainihin darajar tambayar. Izinin da ba za a iya hana shi ba, ba izini ba ne, sanarwa ce. Idan ka tambaya ka mayar da hukunci hannun mai abu, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya san wannan zanen na wani ne da ya biya, wancan kuma wani kamfani ya saya, na ukun kuwa ya yi shi ne don nishaɗi, kowa ya ɗauka. Kai daga waje duk iri ɗaya kake ganin su. Tambaya kuma tana haifar da abin da ambaton suna ba ya haifarwa, wato sharaɗi. Wani zai ce ɗauka amma kada ka yanke sa hannuna. Wata ta ce ban yarda a canja launi ba. Wani ya ce in wasan na kuɗi ne ban amince ba. Akwai ma wanda zai ce yi amfani da shi, amma kada ka sa sunana kusa da irin wannan labarin. Ba yadda za a yi ka san ɗaya daga cikin waɗannan ba tare da ka buɗe baki ba.

Doka ma ta raba abubuwan nan biyu tun da daɗewa. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda Najeriya da Nijar duk suna cikin ƙasashen da suka shige ta, ta tsaya a kan cewa haƙƙin mallaka yana tabbata ne ba sai an yi rajista ko an buga wani tambari ba. Zanen da ka tsinta babu alamar komai a jikinsa yana da mai shi. Kwafa da yaɗawa haƙƙinsa ne, shi ke bayarwa, shi ke hanawa. A gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a birnin Rum a 1928 aka ƙara wani haƙƙi na daban: a san mutum da aikinsa, kuma ya iya ƙin a lalata aikin ta hanyar da za ta taɓa mutuncinsa. Ke nan bashi biyu ne, biyan ɗaya ba ya sauke ɗaya. A Amurka, inda yawancin manyan shafukan suke, wata doka ta 1998 ta ba mai haƙƙi damar aika takarda a sauke aikinsa, kuma sa suna a ƙarƙashin hoto ba ya hana a sauke shi. Masu zanen Japan da yawa sukan rubuta gargaɗi a goshin shafinsu na Pixiv, kuma abin da gargaɗin ya hana shi ne sake wallafawa ba da izini ba. Ba su ce ba da suna ba.

Abin mamaki, duniyar wasan rubutu ta san wannan darasi a cikin gidanta tun kafin hoto ya shigo. A 1991 wasu ɗalibai biyar a Jami'ar Kofenhagen ta ƙasar Denmak suka saki manhajar DikuMUD kyauta, kowa ya ɗauka ya gina nasa wasan a kai. Ɗaruruwan wasanni sun fito daga cikinta. Amma kyautar da sharaɗi ta zo: kada a nemi kuɗi da ita, kuma sunayen waɗanda suka rubuta ta su bayyana a ƙofar shiga wasan. An shafe shekaru ana cacar baki a kan wasu wasannin da aka zarga da goge sunayen ko karɓar kuɗi. Duba tsarin da kyau. Masu abu ne suka fara cewa mun yarda, sannan suka ce ga yadda za a gode mana. Suna ya zo ne a cikin izini, a matsayin ɗaya daga sharuɗɗansa, bai zo don ya maye gurbinsa ba.

Wannan tsari ne ya bazu daga baya. Ƙungiyar Creative Commons, wadda Lawrence Lessig yake cikin waɗanda suka kafa ta a 2001, ta fitar da lasisinta na farko a Disambar 2002, don mai aiki ya ba da izini tun kafin a tambaye shi. Manyan lasisinta shida na yanzu duk sun wajabta ambaton suna, wasu sun ƙara da hana kasuwanci ko hana sauyi. A 2017 gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya saki hotunan kayansa kusan 375,000 ga kowa, a 2020 cibiyar Smithsonian ta saki kusan miliyan 2.8. Akwai kuma Picrew na Japan, inda mai zane ke shirya idanu da gashi da tufafi, kai ka harhaɗa fuskar da kake so, shi kuma ya riga ya nuna abin da ya halatta da abin da ya hana. Ke nan kukan cewa izini yana da wuyar samu ya ragu ƙwarai. Akwai rumbuna cike da abin da masu shi suka ce a ɗiba. Wanda kuma yake da hali, sai ya ba mai zane aiki ya biya, ya sami fuskar da ba ta kowa ba sai tauraronsa, ko da yake a nan ma yana da kyau a yi magana a fili, domin a ƙasashe da yawa biyan kuɗin aiki bai mayar da haƙƙin mallaka hannunka ba sai an rubuta hakan.

In akwai sauran shakka a kan ko suna kaɗai ya isa girmamawa, abin da ya faru a 2022 ya kawar da ita. Da manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu fitar da hoto suka bazu, sai mutane suka gano cewa in ka rubuta sunan wani mai zane a cikin umarninka, hoton zai fito da salonsa. Sunan Greg Rutkowski, mai zanen dodanni da mayaƙa ɗan ƙasar Polan, an rubuta shi sau dubun-dubata. Ba a taɓa ambaton sunansa da yawa haka ba, kuma ba a taɓa tambayarsa ba. Shi da kansa ya fito ya nuna bai ji daɗi ba. A Disambar shekarar masu zane suka cika ArtStation da hotunan nuna ƙin amincewa, a Janairun 2023 kuma Sarah Andersen da Kelly McKernan da Karla Ortiz suka shigar da ƙara a Amurka. Duk inda shari'a ta tsaya, koken nasu a bayyane yake: ba cewa suka yi an manta da sunansu ba, cewa suka yi an ɗauki aikinsu ba da yardarsu ba.

Mu ma a gida ba baƙin wannan ciwo ba ne. Marubutan littattafan Hausa da ke sayar da labaransu ta waya sun san zafin ganin littafin da suka kwana suna rubutawa yana yawo kyauta a zaurukan WhatsApp. Sunan marubuciya yana nan a saman kowane shafi, ba wanda ya goge shi, amma ba ta taɓa jin an girmama ta da hakan ba. Sai dai kuma, a duba bangon wasu littattafan: hoton wa aka ɗora, kuma wa aka tambaya? Abin da ba ka so a yi wa alƙalaminka, kada ka yi wa burushin wani.

Idan na ɗora su a sikeli, ga yadda na gan su. Ambaton suna yana da araha, yana da sauri, kowa yana gani, kuma yana amfanar mai zane in har ya so a yi amfani da aikin. Neman izini yana da jinkiri, ba ya ganuwa, yana iya ƙarewa da hannu rabbana, amma shi kaɗai ne yake ɗaukar mai zane a matsayin mutum mai ra'ayi, ba rijiyar da kowa ke jefa guga ba. Izini ba tare da suna ba rowa ce, domin ka ci alherin mutum ka ɓoye shi. Suna ba tare da izini ba kuwa godiya ce a kan abin da ba a ba ka ba. Bahaushe yana da wurin kowanne: sallama a bakin ƙofa, godiya bayan an ci. Ba a musanya su, kuma ba a juya jerinsu. Wanda ya haura katanga, ya ci tuwo, ya fito yana sa albarka, ba baƙo ba ne.

Ɗan wasan rubutu kuma yana da wani gata da sauran masu wasa ba su da shi: in an ce masa a'a, bai rasa komai na wasan ba. Mai gina wasan hoto dole ya sami hoto. Mu kuwa jarinmu kalmomi ne, kuma da su kaɗai aka yi shekaru ana gina birane da kogo da fadoji. Babu wata larura da za mu fake da ita.

A daren da saƙon nan ya zo na sauke hoton, na rubuta wa mutumin na ba shi haƙuri, na kuma rubuta wa mai zanen. Shi ya amsa da kalmomi kaɗan masu daɗi. Ita ba ta amsa ba har yau, ban kuma mayar da hoton ba. Na koma takardar dattijuwata, inda fuskar aro ta bar gurbi, na zauna na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na rubuta cewa tafin hannunta ya yi baƙi da garwashi har ba ta jin zafin kasko, cewa tana da wushirya, cewa ƙamshin sandal da hawi yana riga ta shiga ɗaki yana kuma daɗewa bayan ta fita. Ban ce komai a kan mayafi ruwan ƙasa ba, domin wannan na kakar wani ne. Washegari da na buɗe wasan, na tarar abokina na Birazil ya rubuta cewa yarimansa ya tsaya cak a tsakiyar kasuwa, ya ɗaga hanci, ya ce wa dogarinsa tsohuwar nan tana kusa.